Dodon Loch Ness: Yadda hoton bogi ya yaudari duniya har tsawon shekara 60

A ranar 21 ga watan Afrilun 1934 jaridar Daily Mail ta Birtaniya ta buga wani hoto da ya nuna wata halitta mai dogon wuya da ɗan ƙaramin kai ta leƙo daga cikin Tafkin Loch Ness da ke arewacin Sikotlan.

An ce wani likita ne daga Landan ya ɗauki hoton, kuma shekaru da dama ana kafa hujja da shi a littattafai da jaridu da fina-finai cewa lallai akwai dodo a tafkin.

Sai a shekarar 1994 aka bayyana wa duniya cewa abin da ke cikin hoton jirgin ƙarƙashin ruwa ne na wasan yara, wanda aka liƙa wa kai da wuya.

Duk da haka ba a daina farautar dodon ba. Masana kimiyya da 'yan jarida da masu yawon buɗe ido sun ci gaba da zuwa tafkin, an kuma kashe maƙudan kuɗi wajen lalube shi da na'urori. Labarin wannan hoto ya zama babban misali na yadda hoton ƙarya ke samun gindin zama, da kuma wuyar tumɓuke shi bayan ya kafu.

Tafkin da ba a ganin ƙasansa

Loch Ness dogon tafki ne siriri da ke kusa da birnin Inverness. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 37, zurfinsa kuma ya kai wajen mita 230 a wasu wurare. Ruwan da ke cikinsa ya fi na dukkan tafkunan Ingila da Wales idan aka haɗa su.

Ruwan baƙi ne ƙirin saboda ruɓaɓɓun tsirrai da ƙoramu ke kwasowa daga tsaunukan da ke kewaye, ta yadda mai nitso ba ya iya ganin abin da ya wuce 'yan mitoci kaɗan a gabansa. Wannan duhu na daga cikin dalilan da suka sa labarin dodon ya daɗe, domin wurin da ido bai kai ba, zuciya na iya zuba masa duk abin da ta ga dama.

Masu goyon bayan labarin kan danganta shi da wani malamin addinin Kirista mai suna Columba, wanda aka ce ya kori wata dabbar ruwa da ta kashe mutum a wajajen shekarar 565. Sai dai an rubuta wannan labari ne fiye da shekara 100 bayan lokacin da aka ce abin ya faru, kuma a Kogin Ness aka ce ya faru, ba a tafkin ba.

Labarin dodon kamar yadda aka san shi a yau ya soma ne a 1933, shekarar da aka kammala gyaran hanyar mota da ta bi gefen tafkin, aka sare itatuwa, matafiya suka fara ganin ruwan sosai.

A watan Mayun shekarar jaridar Inverness Courier ta ba da labarin wasu ma'aurata da suka ce sun ga wata babbar halitta tana birgima a ruwan. A watan Yuli kuma wani mutumin Landan da matarsa suka ce wata dabba mai dogon wuya ta tsallaka titi a gaban motarsu.

Wasu masu nazari sun lura cewa a wannan shekarar ce aka fara nuna fim ɗin King Kong, wanda a cikinsa akwai wata dabba mai dogon wuya da ke fitowa daga ruwa.

Sawun dorina

Ganin yadda labarin ke sayar da jarida, a watan Disamban 1933 Daily Mail ta ɗauki hayar wani mafarauci mai suna Marmaduke Wetherell, wanda ya yi farautar manyan namun daji a Afirka, domin ya nemo dodon.

Cikin 'yan kwanaki ya sanar cewa ya gano manyan sawaye a bakin tafkin. Aka kwafi siffarsu, aka aika wa masana a Gidan Adana Tarihin Halittu na Landan.

Amsar da ta dawo a farkon 1934 ta ba shi kunya. Masanan sun ce sawun dorina ne, kuma duk sawayen na ƙafa ɗaya ne. Wato wani ne ya riƙa danna busasshiyar ƙafar dorina a cikin taɓo, irin wadda Turawan wancan zamani ke ajiyewa a gida don ado. Babu dorina a dajin Sikotlan.

Jaridar da ta ɗauke shi aiki ita ce ta juya masa baya, ya zama abin dariya. Daga nan ne ya ƙudiri aniyar ramawa.

Hoton likita

Wata uku bayan haka sai ga hoton da ya yi suna. Wanda ya kai shi shi ne Robert Kenneth Wilson, likitan mata da ke aiki a Landan. Ya ce yana tafiya a mota ta gefen tafkin sai ya ga ruwa na motsi, ya tsaya ya ɗauki hotuna.

Wilson bai so a riƙa alaƙanta sunansa da hoton ba, don haka aka riƙa kiransa "hoton likita". Wannan ya ƙara masa daraja a idon jama'a. Ga mutum mai ilimi da mutunci, ba ya neman suna, me zai sa ya yi ƙarya?

Gaskiyar al'amarin ta fito ne sannu a hankali. A watan Disamban 1975 jaridar Sunday Telegraph ta buga wani ɗan labari inda ɗan Wetherell, Ian, ya ce shi da mahaifinsa ne suka haɗa hoton. Kusan babu wanda ya kula.

Shekaru bayan haka wasu masu bincike biyu, David Martin da Alastair Boyd, suka ci karo da wannan tsohon labari, suka bi diddiginsa har suka gano Christian Spurling, agolan Wetherell, wanda sana'arsa ƙera mutum-mutumi ce. A 1993, yana tsoho mai kimanin shekara 90, ya faɗa musu yadda aka yi. Ya rasu a wannan shekarar, aka wallafa bayaninsa a watan Maris na 1994.

A cewarsa, an sayi jirgin wasan ne a kantin Woolworths, shi kuma ya ƙera kan da wuyan da wani irin ƙullin katako da kafintoci ke toshe rami da shi. Tsayin abin bai wuce kimanin santimita 30 ba. Wetherell da ɗansa suka kai shi wani lungu na tafkin inda ruwa ba shi da zurfi, suka ɗauki hoton. Da suka ji motsin jami'in da ke gadin tafkin, sai Wetherell ya taka abin da ƙafa ya nutse.

Da yake sun san babu wanda zai sake yarda da Wetherell, sai suka bi ta hannun wani abokinsu ma'aikacin inshora, Maurice Chambers, wanda ya miƙa wa likitan hotunan. Wilson ya rasu a 1969 ba tare da ya fito fili ya bayyana sirrin ba.

Me ya sa aka yarda da shi?

Abu na farko shi ne darajar wanda ya kawo hoton. Masu yaudarar sun fahimci cewa mutane kan auna labari ne da mai ba da shi, shi ya sa suka nemi likita.

Abu na biyu shi ne yankan da aka yi wa hoton. Wanda jama'a suka sani an datse gefunansa, ba a ganin komai sai ruwa da wuya, babu wani abu da za a kwatanta girmansa da shi. A cikakken hoton ana hango ɗaya gaɓar tafkin daga nesa, abin kuma ya zama ɗan mitsitsi a tsakiya. Tun a 1984 wani mai nazari, Steuart Campbell, ya yi la'akari da girman igiyoyin ruwan da ke kewaye da abin, ya ce tsawonsa ba zai kai mita ɗaya ba.

Abu na uku shi ne son zuciya. Jaridu na son ciniki, masu otal na son baƙi, jama'a kuma na son abin al'ajabi. Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma wanda ya kalli hoto bai ga abin da idonsa ba, ya ga abin da mai kyamara ya zaɓa ya nuna masa ne.

Wani abin lura shi ne Alastair Boyd, wanda ya taimaka wajen tona asirin, shi kansa ya yi imani da akwai wata babbar dabba a tafkin, domin ya ce ya taɓa ganinta a 1979. Tona asirin hoton bai sauya ra'ayinsa ba.

Hoton likita ba shi ne na ƙarshe ba. A 1951 an buga wani mai nuna tozo uku a kan ruwa, wanda daga baya wani mazaunin yankin ya ce dammunan ciyawa ne aka lulluɓe da tamfol. A 1970 da 'yan kai wani mutum mai suna Frank Searle ya yi suna da jerin hotuna da aka gano haɗa su ya yi. A 2012 wani matuƙin jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya fitar da nasa, sannan a shekara mai zuwa ya amsa cewa tozon roba ne da aka taɓa amfani da shi a wani shirin talabijin.

Farauta da na'urori

Ba duk masu neman dodon ne mayaudara ba. Da yawa sun sadaukar da shekaru da dukiya bisa gaskiya.

A 1934 wani attajiri, Sir Edward Mountain, ya ɗauki mutum 20 aiki, ya ba su kyamarori da madubin hangen nesa, suka yi mako biyar suna gadin tafkin. A 1960 wani injiniyan jiragen sama, Tim Dinsdale, ya ɗauki fim ɗin wani abu mai tafiya a kan ruwa. Masana hotuna na rundunar sojin saman Birtaniya sun ce mai yiwuwa abu ne mai rai, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ya fi kama da ƙaramin kwalekwale mai inji.

A 1972 wani lauya Ba'amurke, Robert Rines, ya sa kyamara a ƙarƙashin ruwa, ya fito da hotunan wani abu mai kama da fiffiken ninƙaya. Bisa waɗannan hotuna, a 1975 sanannen masanin tsuntsaye Sir Peter Scott ya raɗa wa dodon suna irin na kimiyya, Nessiteras rhombopteryx, domin a samu damar ba shi kariya a dokance. Ba a jima ba wani ɗan majalisar dokokin Birtaniya ya nuna cewa idan aka sake jera haruffan sunan, suna ba da wata jimlar Turanci mai nufin cewa dodon yaudara ce ta Sir Peter. Da aka kwatanta hotunan da aka buga da na asali kuwa, sai aka ga an yi musu gyara sosai.

A watan Oktoban 1987 aka gudanar da binciken da aka yi wa laƙabi da Operation Deepscan. Jiragen ruwa fiye da 20 suka jeru daga gaɓa zuwa gaɓa, suna share tafkin da na'urar sona, wadda ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amonsa idan ya daki wani abu. An samu amo uku da ba a iya fassarawa ba, amma ba a ga dodo ba.

A 2003 gidan talabijin na BBC ya sake share tafkin da sona tare da taimakon tauraron ɗan Adam, bai samu komai ba. Masu shirin sun kuma yi wani gwaji: sun ɓoye sandar shinge a cikin ruwa, suka ɗago ta a gaban wasu 'yan yawon buɗe ido. Da aka ce su zana abin da suka gani, yawanci sun zana sanda, amma wasu sun zana kai irin na dodo.

A 2018 Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago da ke New Zealand ya ɗebi samfurin ruwa 250 daga sassa daban-daban na tafkin. Kowace halitta tana zubar da ɓurɓushin fata da kashi a ruwan da take zaune, kuma daga sinadarin gado na DNA da ke cikin ɓurɓushin ana iya gane ta. Sakamakon da ya bayyana a 2019 bai nuna alamar wata dabba dangin kada ko ƙadangare ba. Abin da aka samu da yawa shi ne na wani dogon kifi mai siffar maciji, wanda dama an san yana tafkin.

A watan Agustan 2023 ɗaruruwan masu sa kai suka sake taruwa da jirage marasa matuƙa da na'urorin sauraren sauti a ruwa, a farauta mafi girma cikin shekara 50. Ita ma ta tashi ba tare da wata hujja ba.

Abin da masana ke cewa

Masu imani da dodon sun fi kwatanta shi da wata dabbar ruwa mai dogon wuya da masana ke kira filesiyoso, wadda binciken ƙasusuwa ya nuna ta ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce.

Masana na kawo dalilai da dama da suka sa hakan ba zai yiwu ba. Har zuwa kimanin shekara 10,000 da suka wuce ƙanƙara ce ta rufe wurin da tafkin yake. Dabba ɗaya ba ta rayuwa ɗaruruwan shekaru ita kaɗai, sai da garke mai hayayyafa. An ƙiyasta kifin tafkin duka bai wuce kimanin tan 20 ba, wanda ba zai ciyar da irin wannan garke ba. Dabbar kuma iska take shaƙa, don haka da tana nan da an riƙa ganinta sau da yawa kowace rana. Har yau kuma ba a taɓa tsintar gawa ko ƙashi ba.

To me mutane ke gani? Igiyar ruwan da jirgi ya bari kan daɗe tana tafiya a tafki siriri irin wannan bayan jirgin ya ɓace, ta yi kama da jerin tozo. Akwai kututturan itace, da agwagin ruwa, da karen ruwa, da barewa mai ninƙaya. Haka kuma idan iska ta tura ruwan sama mai ɗumi zuwa gefe ɗaya, yakan komo a hankali ta kan mai sanyin da ke ƙasa, ya ja kututture ya nufi inda iska ke fitowa, sai ka ce abu mai rai.

Masana ba su musanta cewa akwai halittun da ba a gano ba tukuna. A 1938 masunta a Afirka ta Kudu sun kamo wani kifi da ake zaton ya ƙare miliyoyin shekaru da suka wuce. A 1901 ne masana na Turai suka tabbatar da okafi, dangin raƙumin dawa da ke dazukan Kwango, wanda mutanen yankin suka daɗe da sani. Abin da ya tabbatar da su shi ne gawa da fata da ƙashi da aka ajiye a gaban masu bincike.

Sauran tafkuna

Loch Ness ba shi kaɗai ke da dodo ba. A Tafkin Champlain da ke kan iyakar Amurka da Kanada akwai wanda ake kira Champ, kuma hotonsa mafi shahara an ɗauke shi ne a 1977. Sai dai babu dodon hoton, wato nagatif, ba a kuma iya tantance ainihin wurin da aka ɗauke shi ba, don haka ba a iya bincikarsa yadda ya kamata. Wasu masu nazari na ganin kututture ne.

A Kanada akwai Ogopogo na Tafkin Okanagan. A Suwidin hukumomin wata gunduma sun sanya dodon Tafkin Storsjon cikin halittun da doka ta kare a 1986, sannan aka soke matakin a 2005.

A Afirka kuma akwai Mokele-mbembe, wanda ake cewa yana yankin Tafkin Tele a Kwango Barazabil. Wani masanin halittu na Jami'ar Chicago, Roy Mackal, ya je nemansa a 1980 da 1981, ya dawo da labaran baka kawai.

Irin wannan yaudara ba ta tsaya ga tafkuna ba. Daga 2004 wani hoto ya yi ta yawo a ƙasashen Musulmi, yana nuna ƙwarangwal ɗin wani ƙaton mutum da aka ce ma'aikatan mai sun tono a hamadar Saudiyya, wasu har suna cewa na Adawa ne. An haɗa hoton ne da kwamfuta a 2002 don wata gasar haɗa hotuna, an kuma yi amfani da hoton wani wuri a Jihar New York ta Amurka inda aka tono ƙasusuwan wata dabba dangin giwa. Wanda ya haɗa shi bai yi da niyyar yaudara ba. Wasu ne suka ɗauka suka laƙaba masa labari, mutanen kirki kuma suka yaɗa shi da kyakkyawar niyya.

A yau da wayar salula da manhajojin ƙirƙirar hoto suka wadata, aikin da ya ɗauki Spurling kwanaki ana iya yin sa cikin daƙiƙoƙi. Tambayoyin da suka tona asirin hoton likita su ne dai har yanzu masu tantance hotuna ke yi: wa ya ɗauka, ta hannun wa ya biyo, ina cikakkensa, kuma wa zai ci riba idan aka yarda da shi?

Ribar dodo

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma mutanen yankin Loch Ness na iya ja da wannan magana. Wani ƙiyasi da aka yi a 2018 ya nuna cewa dodon, wanda suke kira Nessie, na samar wa tattalin arziƙin Sikotlan kimanin fam miliyan 41 a shekara ta hanyar otal-otal da jiragen yawo da kayan tsaraba. Akwai kuma rajistar da ake rubuta duk wanda ya ce ya gan shi, wadda ta ƙunshi rahotanni fiye da 1,100.

A 2016 wata na'ura mai nitso da wani kamfanin Norway ya tura ƙasan tafkin ta hango wani abu mai dogon wuya, tsawonsa kimanin mita 9, kwance a cikin laka. Da aka bincika sai aka gano mutum-mutumin dodo ne da aka ƙera don wani fim na Sherlock Holmes, wanda ya nutse a 1969 lokacin da ake ɗaukar fim ɗin.

Shi kuwa jirgin wasan yaran da Wetherell ya taka da ƙafa a 1934, ana kyautata zaton yana nan a wani lungu na tafkin.